Daga Bankok Zuwa Ɓatagarawa: Tarihin Masana Tattalin Arziki Biyu



An nemi in yi magana a kan masana tattalin arziki, watau ilmin nan da wasunmu suka fi sani da sunan tsimi da tanadi: yadda su ke hawa matakan aikin jami'a, da abin da ke sa wannan ya duƙufa a kan binciken abu kaza, wancan kuwa ya ba shi baya. Fage ne mai faɗi, in kuwa aka ce za a bi shi da lissafin sunaye da digirori, sai mu kwana a nan ba mu ƙaru da kome ba. Saboda haka na zaɓi mutum biyu kurum, namiji da mace, waɗanda watanni bakwai ne tsakanin haihuwarsu, suka yi karatu a Ingila a zamani ɗaya, suka kuma zauna a ƙasar Gana a lokaci guda. Su ne Arthur Lewis da Polly Hill. Shi ya mutu da lambar Nobel, hotonsa yana kan takardar kuɗi. Ita kuwa ta mutu ba ta taɓa hawa kujerar shehun malami ba, alhali duk mai son sanin yadda talakan ƙauyen Hausa ya ke ci da sha a ƙarni na 20, tilas ya bi ta kan littattafanta. Zancen ya shafe mu, domin shirye-shiryen raya ƙasa da a ke rubutawa a ofisoshinku daga tunanin irin waɗannan mutane su ke tsirowa, ko mai rubutun ya san sunansu ko bai sani ba.

An haifi William Arthur Lewis ran 23 ga Janairu, 1915, a tsibirin Sen Lusiya cikin tekun Karebiyan, a lokacin tsibirin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Baƙar fata ne, iyayensa duka biyu malaman makaranta. Uban ya rasu yaron yana ɗan shekara 7, uwar ta riƙe 'ya'ya maza biyar ita kaɗai. Arthur ya gama karatun sakandare yana ɗan shekara 14, sai ya kama aikin akawu a ofishin gwamnati, yana jiran shekarunsa su kai ya ɗauki jarrabawar sukolashif na zuwa Ingila. Ya ci a 1932.

Aikin injiniya ya ke so. Amma kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya, a wancan zamani gwamnati ba ta ɗaukar baƙar fata injiniya, kamfanonin Turawa ma haka. Likita da lauya su ne sana'o'in da mutum irinsa zai iya ci da kansa, shi kuwa ba ya sha'awar ko ɗaya. Sai ya zaɓi karatun harkar ciniki a Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, da niyyar ya koma gida ya sami aikin ofis. Ya isa a 1933 bai ma san abin da a ke nufi da ilmin tattalin arziki ba. Ƙofar da aka rufe masa ita ta tura shi fagen da ya yi suna.

Ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a 1937. A 1938 makarantar ta ɗauke shi ƙaramin malami, shi ne baƙar fata na farko da ta taɓa ɗauka, aka kuma yi ta ɗari-ɗari da abin, har aka tsara da farko ya riƙa ganin ɗalibai a ƙungiya maimakon ɗaiɗai. Digirinsa na dakta, wanda ya samu a 1940 a ƙarƙashin Arnold Plant, ba shi da wata dangantaka da ƙasashe matalauta. Ya shafi masana'antu ne, musamman yadda za a yanka farashi a sana'o'in da ke cin jari mai yawa kafin su sayar da kome, kamar reluwe da lantarki. Fagensa na biyu kuwa umurni ne ya jefa shi ciki. Friedrich Hayek, wanda ke riƙe da sashen a lokacin, ya ce masa ya koyar da abin da ya faru ga tattalin arzikin duniya tsakanin yaƙoƙin duniya biyu. Lewis ya ce bai san abin da ya faru ba. Hayek ya amsa masa cewa babu hanyar koyon abu da ta fi koyar da shi. Daga wannan darasi littafinsa na 1949 a kan shekarun 1919 zuwa 1939 ya fito, kuma tarihin cinikin duniya bai sake shi ba har ƙarshen ransa. Na san a cikinku akwai ƙananan malamai da ke guna-guni in shugaban sashe ya ɗora musu kwas ɗin da ba su so. To, ga wanda aka yi wa haka.

Fage na uku shi ne wanda ya zo da shi daga gida. Tun 1939 ya rubuta ɗan littafi a kan boren ma'aikata da ya game tsibiran Karebiyan a shekarun 1930, a lokacin yaƙi kuma ya yi wa Ofishin Ƙasashen Mallaka aiki, inda ya yi ta karo da manyan ma'aikata a kan ko ya halatta ƙasashen mallaka su kafa masana'antu. A 1947 kwamitin zaɓe na Jami'ar Libaful ya tsai da shi ya hau kujerar shehun malami, hukumar jami'ar ta hana, kuma ba don ƙarancin ilmi ba. Jami'ar Manchesta ta ba shi kujera a 1948 yana ɗan shekara 33, ya zama baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a jami'o'in Birtaniya.

Tambayoyi biyu sun daɗe suna damunsa. Ta farko, me ya sa ƙarfe ke da tsada gahawa kuwa ta ke araha, alhali dukansu gumin ɗan Adam ne? Ta biyu, me ya sa a shekaru 50 na farkon bunƙasar masana'antu a Ingila ladan ma'aikaci bai motsa ba, ribar masu jari kuwa tana ta hauhawa? Littattafan da ya karanta sun ɗauka yawan ma'aikata ƙayyadadde ne, in jari ya ƙaru sai a yi rububinsu, lada ya tashi. Wata rana cikin Agustan 1952, yana tafiya a ƙasa a wani titin Bankok, sai ya ga amsar tambayoyin biyu ɗaya ce: a jefar da wancan zato. A ɗauka akwai tarin mutane a bayan fage, a ƙananan gonaki, da 'yan tireda, da barori, da 'yan dako a bakin tasha, waɗanda ko an ɗebe wasu daga cikinsu abin da a ke samarwa ba zai ragu sosai ba. Muddin wannan tari yana nan, mai masana'anta zai sami ma'aikata iyakar son ransa da lada kaɗan bisa abin da su ke samu a gida, ratar da Lewis ya ƙiyasta kamar kashi 30 cikin 100. Riba ta taru a hannun mai jari. In ya mai da ita cikin sana'a, masana'anta ta ƙaru, ta ƙara ɗibar mutane, haka haka har ranar da tarin ya ƙare, sa'an nan lada ya fara tashi.

Wannan ra'i ya fito a wata maƙala cikin mujallar jami'ar Manchesta a 1954. A ciki ya ce babban abin da a ke son ganewa shi ne yadda al'ummar da ke tanadin kashi 4 ko 5 cikin 100 na abin da ta samu za ta koma mai tanadin kashi 12 zuwa 15. Da wuya a sami wata maƙala a wannan fanni da aka fi karantawa. Lokacin da masana'antun gaɓar ƙasar Sin suka fara kukan ƙarancin ma'aikata daga wajen 2004, da sunan Lewis masanan ƙasar suka yi ta muhawara, ko tarin nan ne ya ƙare ko da saura.

Amma fa rabin maƙalar a kan koyar, rabin da aka bari kuwa shi ya fi shafarmu. Lewis ya dubi rake na ƙasarsu. An kyautata irinsa, an kyautata injinan matse shi, amfanin eka ya ninka ya sake ninkawa, duk da haka mai saran rake yana tafiya ba takalmi. Dalili? Ladan mai saran rake an ɗaure shi da abin da manomin abinci ke samu a 'yar gonarsa, don daga can a ke ɗebo shi. In rake ya yi albarka, sai sukari ya yi araha, mai shan shayi a Landan ya ci moriyar. A littattafansa biyu na 1978 ya bi wannan zance cikin tarihi. Ya nuna cewa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 an yi manyan ƙaura biyu, kowacce ta kai wajen mutum miliyan 50. Turawa sun nufi Amurka da Kanada da Ostareliya da Ajantina, Indiyawa da Sinawa kuwa suka nufi gonakin rake da roba da shayi na ƙasashe masu zafi. Baturen ba zai tashi ba sai an biya shi fiye da abin da gonar alkama ta Ingila ke bayarwa, watau wajen laba 1,600 a eka. Ba'indiyen kuwa gonar da ya baro wajen laba 700 ta ke bayarwa. Daga nan farashin ulu da alkama ya rabu da farashin shayi da gyaɗa. In muka kawo zancen gida, ma'anarsa ita ce, kuɗin buhun gyaɗa a Kano yana rataye da yawan damin gero da dawa da manomi ke samu, kuma duk taron da za a yi a Janeba a kan farashin amfanin gona ba zai ɗaga shi ya zauna ba in rumbun hatsi bai ƙaru ba.

Akwai kuma abin da masu kwaikwayonsa suka tsallake. A farkon maƙalar Lewis ya faɗa sarai cewa zaton tarin ma'aikata ya dace da ƙasashe irin su Masar da Indiya da Jamaika, akwai kuwa sassan Afirka da ƙarancin ma'aikata ne ke damunsu. A 1953, da gwamnatin Kwame Nkrumah ta nemi ya rubuta mata rahoto a kan kafa masana'antu, tun ƙasar tana amsa sunan Gold Coast, sai mutumin da aka sani da son masana'antu ya ce musu abu na farko shi ne a kyautata noman abinci, na biyu a gyara ayyukan jama'a kamar ruwa da hanya da lantarki. Masana'antu su biyo baya, a hankali.

Bayan samun mulkin kai a 1957 Nkrumah ya kira shi ya zama mai ba shi shawara. Gana tana da ajiya ta wajen fam miliyan 200 a lokacin, yawancinta gumin manoman koko. Lewis ya so a kashe ta da lissafi. Nkrumah da ministocinsa suka cusa manyan ayyukan nuna isa cikin shirin raya ƙasa na biyu, Lewis ya yi ta rubuta takardun gargaɗi. Nkrumah ya ba shi amsa cewa shawarar tana iya zama daidai a lissafi, amma shi ɗan siyasa ne, tilas ya yi caca da gobe. Kafin 1958 ta ƙare Lewis ya ajiye aiki. Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin a Fabrairun 1966, ajiyar ta ƙare, bashi ya hau. Ku ma'aikata kun fi ni sanin abin da ke samun takardar gargaɗi in ta shiga ofishin minista.

Sauran tarihinsa na hawa ne. Ya shugabanci Jami'ar West Indies daga 1959, ya koma Jami'ar Firinston a Amurka a 1963, ya riƙe bankin raya ƙasashen Karebiyan a farkon shekarun 1970. Zaman Gana ya bar masa tabo, don a 1965 ya fitar da ɗan littafi a kan siyasar Afirka ta Yamma, inda ya soki mulkin jam'iyya ɗaya, ya ce ƙasar da ke da kabilu da yawa gwamnatin haɗin gwiwa da rarraba iko suka dace da ita. Watanni kaɗan bayan haka aka yi juyin mulkin Janairun 1966 a Nijeriya. A 1979 aka ba shi lambar Nobel tare da Theodore Schultz na Jami'ar Shikago, abin ban dariya kuwa shi ne Schultz ya yi suna ne da musun cewa akwai hannuwan da ba su da amfani a gona. Hujjarsa ita ce annobar mura ta 1918 a Indiya: inda mutane suka fi mutuwa, nan gonakin da aka shuka suka fi raguwa. Lewis ya rasu a 1991.

To, mu juya ga Polly Hill. In shi daga gefen daula ya fito, ita a tsakiyar gidan ilmi aka haife ta, a Kambirij, cikin Yunin 1914. Ubanta, A. V. Hill, ya sami lambar Nobel ta 1922 a ilmin aikin jiki. Kawunta, wan mahaifiyarta, shi ne John Maynard Keynes, wanda babu masanin tattalin arziki a ƙarni na 20 da ya kai shi suna. Ta karanta tattalin arziki a Kambirij ta gama a 1936, a lokacin da jami'ar ba ta ba mata cikakken digiri, don sai a 1948 aka fara. Ita ma an rufe mata ƙofa ke nan, ta wata fuska dabam. Ta yi shekara 11 tana aikin gwamnati, a Baitulmali da Ma'aikatar Ciniki da Ofishin Ƙasashen Mallaka, sa'an nan ta koma 'yar jarida a mujallar mako-mako mai suna West Africa. Tana da shekara 40 ta fara aikin jami'a, a 1954, a matsayin mai bincike a kwalejin jami'a ta Gana.

Abin da kowa ya sani a lokacin, har da rahotannin gwamnati, shi ne manomin koko ɗan ƙaramin talaka ne mai eka biyu ko uku a bayan gida, wanda koko ya faɗo masa kamar daga sama. Hill ta ɗauki taswirorin gonaki da ma'aikatan gona suka zana lokacin yaƙi da wata cutar itacen koko, ta bi su gona gona tana tambayar mai ita da yadda ya same ta. Sai ga wani labari dabam. Tun shekarun 1890 mutanen tudun Akwapim da Krobo da maƙwabtansu suka riƙa ƙaura zuwa dazuzzukan Akim Abuakwa suna sayen ƙasa daga sarakuna da kuɗin da suka tara a cinikin manja da roba. Waɗanda ke gado ta wajen uba sukan haɗa kuɗi su sayi babban fili su yanka shi dogaye dogaye gwargwadon abin da kowa ya zuba. Masu gado ta wajen uwa kuwa mutum ɗaya kan saya ya zaunar da dangi. Ribar gonar farko ita ke sayen ta biyu, har suka riƙa biyan 'yan kwangila su yi musu hanyoyi da gadoji. Kafin 1911 ƙasarsu ta fi kowace ƙasa fitar da koko a duniya. Watau mai jarin nan da ke mai da riba cikin sana'a, wanda ra'in Lewis ke nema a masana'antar birni, ga shi nan a daji da adda a hannu. Littafin ya fito a 1963. Irin wannan labari Jan Hogendorn ya gano daga baya game da gyaɗar Kano: da jirgin ƙasa ya iso a 1911 auduga Turawa suka sa rai, fatake da manoma suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa.

Sashen tattalin arziki bai san inda zai ajiye irin wannan aiki ba, don babu lissafin alƙaluma mai wuya a ciki, sai tambaya da awo. Ta koma cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar, kuma digirin dakta da Kambirij ta ba ta a 1967 na fannin nazarin al'adu da zaman jama'a ne. Har ta mutu masu tattalin arziki suna ce mata 'yar wancan fanni, ita kuwa tana kiran kanta mai tattalin arziki na fili.

A 1967 ɗin ta zauna a Ɓatagarawa, mil 6 kudu da birnin Katsina, garin da a lokacin mutanensa ba su wuce 1,400 ba. Shekarar gero ya makara. Ta roƙi waɗansu mutanen gari da suka san kowa su kasa mata magidanta gwargwadon yadda kowa zai iya jure wannan matsi. Aka sami gidaje 171, aka kasa su huɗu: masu taimakon wasu, waɗanda ba su wahala, masu ɗan wahala, da waɗanda abin ya kai musu iyaka. Da ta auna gonakin karkara, watau waɗanda a ke zuba wa taki a ke nomawa kowace shekara, sai ta tarar rukunin farko kowane gida yana da kusan eka 20, na ƙarshe kuwa bai kai eka 3 ba. Abin lura, akwai daji kusa wanda kowa zai iya sharewa. Me ya hana talaka? Rumbunsa ya kan ƙare tun kafin damina ta yi nisa. Ranar da ya kamata ya yi noman gonarsa, tilas ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya sami abin da za a ci da dare. Ba shi da taki, ba shi da iri, da kaka kuma ya sayar da hatsi da araha don biyan haraji da bashi, ya dawo ya saya da tsada wajen wanda ya iya ajiyewa. 'Ya'yansa su kan fita gandu da wuri, na mai hali kuwa su zauna. A taƙaice talauci ne ya hana shi noma. In aka dube shi daga jirgin sama sai a ce ga hannun da ba shi da aiki, a kai shi masana'anta. Ita ta ce iri da taki da hatsin ci na wata uku ya rasa.

Ta kuma nuna cewa kasuwar hatsi ta gaskiya a garin tana cikin gidaje, a hannun matan kulle, yara suna kai da komo da talla, abin da babu wani mai ƙididdiga da ya taɓa lissafawa. Littafin, mai suna Rural Hausa, ya fito a 1972, kuma kusan rabinsa sharhi ne na kalmomi bi da bi bisa tsarin abacada: gandu, gayauna, ƙwadago, jinga, adashi, fatauci, da sauransu. A wurin mai nazarin harshe wannan rabin ya fi daɗi. Ta gane cewa in aka fassara gandu da kalmar Ingilishi ta gonar iyali, an zubar da duk sharuɗɗan da ke tsakanin uba da ɗa, na wa zai biya haraji, wa zai yi wa wa aure, wace rana ce ta gayauna. Cikin waɗannan sharuɗɗa kuwa tattalin arzikin ya ke.

A 1971 da 1972 ta zauna a Ɗorayi, kusa da ganuwar Kano, inda jama'a ta yi yawa, ƙasa ta yi tsada, ta tarar da manyan gidaje da mutum fiye da 100 ke zaune a cikin ɗaya. Littafin 1977 da ya fito daga nan ya gwada karkarar Kano ta 1900 da ta 1970, ya nuna cewa a dā saƙa da rini da fatauci a ƙauyuka su ke, mulkin Turawa ne ya janye harkoki zuwa birni ya bar karkara da noma tsura. Muƙami mafi girma da ta riƙe a Kambirij na ƙayyadadden lokaci ne, daga 1973 zuwa 1979. Bayan ta yi irin wannan bincike a kudancin Indiya, sai a 1986 ta fitar da littafin da ta gurfanar da ilmin raya ƙasa gaban shari'a, ta ce alƙaluman gwamnati a kan amfanin gona yawancinsu ƙiyasi ne, littattafan koyarwa kuma suna magana a kan wani manomi da babu shi a ko'ina. Ta rasu a 2005.

A kan alƙaluma, tarihi ya ba ta gaskiya. Wolfgang Stolper, wanda ya jagoranci tsara shirin raya Nijeriya na 1962 zuwa 1968, da ya koma Amurka sunan da ya sa wa littafinsa na 1966 ma'anarsa tsara shiri ba tare da sanin gaskiyar al'amura ba. A 2014, da aka sabunta ma'aunin lissafin arzikin Nijeriya daga shekarar 1990 zuwa ta 2010, jimlar ta tashi da kusan kashi 90 cikin 100 a dare ɗaya, ba tare da an ƙara buhu ko guda a kasuwa ba. A kan hannuwan banza a gona ma haka. David Norman, wanda ya yi shekara 11 a Samaru daga 1965, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana rubuta awoyin aikinsu, ya tarar cewa a Yuni da Yuli, lokacin noman fari da maimai, hannu ne ke ƙaranci. Ya kuma nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da malaman gona suka daɗe suna hanawa, ya fi ba da amfani a kan kowace awa ta aiki a wannan lokaci, ya kuma rage hasara in damina ta yi gardama.

Duk da haka, a ganina Hill ta tsananta. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, gaskiya ne, amma bai san abin da ya sa kwano ya yi tsada ba. Zaman wata shida a Ɓatagarawa zai gaya maka wanda ya sayar da gyaɗarsa tun tana gona, ba zai gaya maka dalilin da ya sa tan ɗin gyaɗa bai sayi abin da tan ɗin alkamar Kanada ya saya ba. Wannan sai wanda ya zauna da alƙaluman cinikin duniya na shekara 40, kamar yadda Lewis ya yi a Firinston. Kuma laifin da aka ɗora masa yawancinsa na almajiransa ne, waɗanda suka haddace rabin maƙala suka zo da ita ƙasar da shi da kansa ya ce ba ta dace da ita ba. Abin mamaki, shi ya bi ta kasuwar Landan, ita ta bi ta zauren mai gari, dukansu suka tsaya a bakin rumbun manomin hatsi. Jami'a kuwa ta saka wa ɗaya da kujera tun yana ɗan shekara 33, ɗayar ta yi ta neman kuɗin bincike shekara shekara har ta tsufa. Kwamitocin ƙarin girma sun fi gane maƙala mai ra'i guda da za a iya zanawa a allo, bisa littafin da ya ci shekara biyar ana awon gonaki, ƙaramin malami kuwa yana kallon abin da kwamiti ke so kafin ya zaɓi abin da zai bincika.

Daga baya fannin ya ɗan karkato wajenta. A 1988 da 1989 Christopher Udry, wanda cikakken masanin lissafin tattalin arziki ne, ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya yana bin bashin da ke tsakanin mutane. Ya tarar yawancinsa tsakanin dangi da maƙwabta ne, babu takarda, babu jingina, kuma abin da a ke biya yana sauyawa: in ambaliya ko ciwo ya sami mai cin bashi sai ya biya kaɗan, in kuwa mai ba da bashin ne abin ya sama sai a biya shi da ƙari. Kowace tsohuwa a waɗannan ƙauyuka ta san haka, amma sai da aka rubuta shi da alƙaluma manyan mujallun fannin suka karɓa.

Ɗorayi kuwa yanzu unguwa ce a cikin birnin Kano, gine-gine sun cinye yawancin gonakin da Hill ta auna. Jikokin manoman nan sun bar noma ba tare da sun yi ƙaura ba, birnin ne ya zo ya same su. Bisa ra'in Lewis masana'anta ce ya kamata ta karɓe su, ga kuwa Sharaɗa nan kusa da su, sai dai da yawa daga masana'antunta, da na Bompai da Challawa, sun rufe tun daga shekarun 1980. Sana'ar da kowane gida ya kama a maimakon haka, da abin da ta ke kawo masa in an gwada da damin geron kakansa, abu ne da za a iya bi gida gida a ƙidaya, tun da lissafin 1972 yana nan a rubuce.